Ajiyar Kawu a Ɗakin Baba

Tun ina yarinya nake jin cewa jiharmu ce ke ba ƙasar nan wutar lantarki. A makaranta aka faɗa mana, muka haddace da hasken fitilar ƙwai, muka rubuta a jarrabawa muka ci. Na girma na zama tela a unguwar Bagama, cikin Suleja, na sayi keken ɗinki mai aiki da wuta, ya zama wurin ajiye almakashi da kwalin allura, don da keken ƙafa nake ci da kaina. Saboda haka ban taɓa sa ran madatsar ruwan da ke samar da wutar za ta tuna da gidanmu ba. Ashe mummunan zato na yi mata. Ta aiko mana da rabonmu a ƙarshen wata damina, cikin buhuna, a bayan a-kori-kura.

Kawuna, yayan Inna, manomi ne a wani ƙauyen bakin kogi, can gaba da Lambata, a ƙasan dam. Duk shekarar da ruwa ya yi yawa masu dam sukan buɗe ƙofofi su sake shi, kada ya fasa musu gini. A yi musu adalci, suna sanarwa. Suna cewa mutanen bakin kogi su koma kan tudu. Abin da ba su taɓa bayani ba shi ne yadda mutum zai ɗauki gonarsa a ka ya hau tudu da ita.

A shekarar ruwa ya shanye shinkafar Kawu, ya kwantar da katangar gidansa, ya bar masa rumbu ɗaya da ke kan wani ɗan tudu. A ciki akwai ragowar dawar bara, da gyaɗa, da irin shinkafar da zai shuka badi. Shi ke nan abin da ya mallaka a duniya, ban da iyali da tufafin jikinsa. Da ya iso gidanmu yana shan ruwa yana ba mu labari, ya ce da ruwan ya fara hawa duk wani abu mai ƙafa a fadamar nan tudun ya nufa. Ɓerayen daji da ramukansu suka cika suka hau rumbun, suka hau itatuwa, har kan tabarmar da yake salla sai da suka yi sahu. Muka yi ta dariya, har da ni. Ya ce a gurguje suka ɗura hatsin a buhu suka loda a kwale-kwale. Babu wanda ya tambaye shi ko sun tsaya tantance fasinja.

Sai in gaya muku wace ce Inna, don a nan labarin yake. A unguwarmu ita ce matar da ake ba ajiya. Mai tafiya aikin Hajji ya kawo akwatinsa, mai tara wa 'yarta kayan ɗaki ta kawo kwanukanta, ma'aikacin Abuja da mai gidan haya ya kora ya kawo katifarsa kafin ya sami wani ɗakin. Inna ba ta da gona, ba ta da shago, ba ta je Makka ba. Abin da take taƙama da shi ɗaya ne: tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa kwance ƙullin wani ba, ba ta taɓa ɗaga murfin abin da aka ba ta ba. In ka kawo mata ƙunshi ka manta, bayan shekaru za ka same shi da ɗaurin da ka yi masa, ko da abin da ke ciki ya daɗe da komawa ga Allah.

Ga kuma ajiyar Yaya, wanda ya goya ta tana ƙarama. Ɗakin marigayi Baba ta sa aka share. Aka jibge buhunan har kusa da rufi, Kawu ya danna sabon kwaɗo, ya miƙa mata makulli. Inna ta maida hannuwanta baya.

"Yaya, ka tafi da abinka. Kayan da ba nawa ba, me zan yi da makullinsa?"

"To in wani abu ya taso fa, Auta?"

"Me zai taso? Hatsi ne, ai ba haihuwa zai yi ba."

Gaskiyarta, hatsin bai haihu ba. Kawu ya jefa makullin a aljihu ya koma makarantar firamaren da aka tsugunar da su.

Mu da ɓerayen Suleja mun san juna. Ƙatti ne, na kwata, masu ido a tsaye, suna da hanyarsu muna da tamu. Waɗanda suka fara fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin Baba wasu ne daban, ƙanana, masu laushin gashi, ba su san tsoron mutum ba kuma ba su san dokar gari ba. Da rana tsaka za ka ga ɗaya ya ratsa tsakar gida a hankali, sai ka ce ya biya kuɗin haya. Madam, 'yar kudu da ke haya a ɗakin bakin zaure tana sayar da garin rogo da manja, ita ta fara kashe ɗaya da silifas. Ta juya shi da tsinke ta ƙwala mini kira da Hausarta wadda ba ta raba mace da namiji.

"Anti Tela, zo ka gani! Duba nono, daga wuya har ƙafa. Wannan ba ɓera ba ne, wannan kamfani ne."

Na leƙa na gani, jere biyu reras. Kyanwarmu ma ina jin ta leƙa, domin a makon ta kwashe nata ya nata ta koma gidan maƙwabta, ba ta ko yi mana sallama ba.

Kafin sanyi ya shigo, ɗakin ya fara magana. In ka tsaya a bakin ƙofar za ka ji ana gudu, ana faɗa, ana ƙiƙi-ƙiƙi, jarirai na kuka. Wari ya biyo baya, wani irin zarni mai kama maƙogwaro. Na sa tarko, na shimfiɗa gam, muna kamawa suna ƙaruwa. Na sayo guba, Inna ta hana, wai kada su ci su koma su mutu a cikin hatsin Yaya. Na ce to a fasa kwaɗon a fitar da buhunan a shanya, a kashe abin da za a kashe, a sake buhu. Ta dube ni kamar na ce a tone kabarin Baba.

"Ke 'yar nan, a gidana za a fasa kwaɗon wani? Ina raye?"

"Inna, ai don a ceci hatsin ne."

"Mai kaya ya ce a buɗe?"

"To ki kira shi ki tambaye shi."

Ta kira shi kuwa, ina zaune. Ta gaishe shi, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ta yi masa jajen ruwa a karo na ban san nawa ba, ta tambayi ƙafarsa mai ciwo. Ya tambaye ta ajiya. Ta ce, "Tana nan lafiya lau, Yaya, kada ka sa komai a ranka." A daidai lokacin wani abu ya faɗo a cikin ɗakin, ɗim, har ƙofar ta girgiza. Ta kashe waya ta ce mini ai mutumin da ruwa ya cinye wa gida ba a ce masa kayansa sun dame ka. Zai ɗauka gajiya aka yi da shi.

Na saci lambar na kira shi da kaina. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya ce, "To 'yata, gidan Innarki ne. In ta ce a buɗe, a buɗe." Shi ma a nasa lissafin, mutumin da aka yi wa alfarmar ɗaki ba ya aiko da umarnin a fasa ƙofa a gidan da ba nasa ba. Na koma wa Inna, ta ce ita bai faɗa mata ba. Na ce ya faɗa mini. Ta ce ni aka ba ajiyar? Haka tsofaffi biyu suka tsaya suna yi wa juna kara, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara rashin kunya, su kuwa baƙin suna ciki suna ta bikin suna. Kawu ba shi da inda zai kai hatsin ko ya zo, don bai tada katangarsa ba, ga shi ruwa ya janye ya duƙufa noman rani a gonar aro. Kullum zancen ɗaya ne, yana nan tafe.

Sai rediyo ya fara maganar zazzaɓin Lassa, kamar yadda yake yi duk rani. A rufe abinci, a kashe ɓera, a daina shanya a ƙasa, a kiyayi jiƙa garin rogon da ba a san inda aka shanya shi ba. A duk jawabin nan kalma ɗaya ce ta shiga kunnen Inna, garin rogo. Ta yafa mayafi ta taka har ɗakin Madam, ta ce mata cikin mutunci a daina buɗe gari a tsakar gida, an ce shi ke kawo ciwon nan. Madam ta ja ta ciki ta nuna mata durom-durom na roba, kowanne da murfinsa a ɗaure.

"Mama, gari na yana da murfi. My garri get cover. Ɗakin ka ne yana haifi ɓera."

Inna ta dawo tana cewa mutanen nan ba su iya magana da manya ba. Ni kuwa na ji kamar in je in rungume Madam.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba warin ba ne. Ɓerayen sun farfasa buhuna, kullum da safe sai a tarar hatsi ya gangaro ta ƙarƙashin ƙofa, dawa da shinkafa da ɓawon gyaɗa, gauraye da kashinsu, wani wurin da danshin fitsari. Kowace mace mai hankali za ta share ta zubar a bola. Inna ta ce wannan ma hatsin Yaya ne. Fitowarsa daga ɗaki ba ta fitar da shi daga amana ba. Bayan sallar asuba sai ta durƙusa ta tattara shi da tafin hannunta, ta zuba a faifai, ta zauna a bakin ƙofar tana sheƙewa, tana hurawa da baki, ƙurar na tashi tana komawa fuskarta. Abin da iska bai ɗauke ba ta bi shi da yatsa, ta tsince baƙin ɗaya-ɗaya. Sannan ta juye tsabar a tsohon bokitin fenti ta tura ƙarƙashin gadonta, don ranar da Yaya zai zo ta miƙa masa kayansa cif.

Na yi faɗa, na yi roƙo, na yi kuka. Na ce mata tsoro nake ji kada ɗakin nan ya cinye mini uwa, ita kaɗai ta rage mini. Ta ce rai a hannun Allah yake. Na ce amma ai hanci a hannunki yake, na ɗinka mata takunkumi da ragowar atamfa, da safar hannu ta leda. Ta sa takunkumin ranar farko don ta huta da bakina, sai ta ga ba ya barin ta hura, ta sauke shi ƙarƙashin haɓa. Wata safiya na riga ta tashi na share na watsa a kwata. Wuni guda ba ta amsa gaisuwata ba, washegari kuma ta riga ni.

Zazzaɓi ya zo wa Inna a hankali. Muka yi abin da kowa ke yi a garin nan, muka je kemis aka ba mu maganin maleriya. Bai sauka ba, aka ce ai taifot ne, aka canza ƙwayoyi. A Suleja in zazzaɓi ba maleriya ba ne to taifot ne, in ba taifot ba ne to su biyun ne suka haɗu. Sai maƙogwaronta ya rufe, ko koko ba ya wucewa, fuskarta ta kumbura, idanunta suka yi ja. Ranar da na ga jini a dasashinta ban tsaya neman shawarar kowa ba, na tari keke mai ƙafa uku muka tafi asibiti. Wata likita ta saurare ni har ƙarshe, da na kai kan zancen faifai ta ajiye biro, ta ja kujerarta baya kaɗan, ta sa aka kawo mata safar hannu. Aka ɗebi jini aka aika da shi. Kafin sakamako ya dawo an riga an keɓe Inna, da ya dawo kuma aka wuce da ita wani asibitin da ke karɓar masu irin ciwon, inda ko ni ba a bari in shiga.

A bakin asibitin na kira Kawu. Ban gaishe shi ba, abin da ban taɓa yi ba. Na ce Inna na kwance, Lassa ce, daga hatsinsa ne, kuma ma'aikatan lafiya sun ce sai an buɗe ɗakin an ƙone abin da ke ciki.

"A ƙone! A fasa, a ƙone, har ɗakin in ya kama. Me kuke jira?"

Izinin da muka yi wata da watanni muna nema, ga shi ya fito a numfashi ɗaya. Ashe abin da ake bukata kawai shi ne a kwantar da mutum a asibiti.

Ma'aikatan suka zo cikin fararen kaya tun daga ka har ƙafa, unguwa ta fito kallo daga nesa. Madam ta ba da aron guduma. Da ƙofar ta buɗe sai da su kansu suka ja baya. Buhunan da muka jera har rufi sun zube sun zama tudu ɗaya, an yi sheƙa da zaren buhu da tsofaffin rigunan Baba, ƙasa kuwa tana motsi. Abin da ya rage na dukiyar Kawu yawanci dusa ce da kashi. Wata daga cikinsu ta tambaye ni daga ina hatsin ya fito, na faɗa mata. Ta gyaɗa kai ta ce ba mu ne farko ba, in ruwa ya kori ɓeran daji daga raminsa wurin mutane yake nufa, da ciwon da ke cikin fitsarinsa, shi kuma ko atishawa ba ya yi. Aka kwashe komai aka kai bayan gida aka cinna wuta. Da suka jawo bokitan fenti daga ƙarƙashin gadon Inna, ɗaya ya buɗe. Ban taɓa ganin hatsi mai tsabta irinsa ba, ko tsakuwa babu. Shi ma aka juye a wutar, a nan ne na zauna a ƙasa na yi kuka.

Aka ce mu mutanen gidan mu zauna a gida, kullum a zo a auna zafin jikinmu. Matan da Inna ta riƙe wa kwanukan 'ya'yansu shekara da shekaru suka koma gaishe mu daga tsallaken kwata. Masu ɗinki suka daina zuwa, har da waɗanda atamfofinsu ke hannuna, karo na farko a rayuwata da babu mai tsaya mini a ka yana tambayar ko an gama. Madam ce ke dafa mini abinci. Ba zan ce ba ta yi gori ba, ta yi, kullum sai ta ajiye kwano sannan ta ce, "Na gaya ma Mama." Ina cin abincin ina ba ta gaskiya. Kawu ya zo asibiti, aka hana shi shiga, ya wuni a gindin bishiya ya koma.

Inna ta tashi. Allah ya yi da sauran kwana, likitocin kuma sun yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsu ba. Ranar da aka sallame ta na ruga na rungume ta ina ta surutu, ina gaya mata yadda na yi kewarta. Ta tsura wa bakina ido, ta ce, "Ke 'yar nan, ɗaga murya mana." Ihu nake yi a lokacin. Likita ta ce ciwon yakan tafi da jin wasu daga cikin waɗanda suka warke, wani ya dawo, wani bai dawo ba. Na Inna bai dawo ba. Ba ta karatu, balle in rubuta mata. Muka ƙirƙiro alamu da hannu, ta abinci, ta magani, ta lokacin salla, ta an yi baƙo.

Da muka shigo gida idonta bai sauka ko'ina ba sai a ɗakin Baba. Ƙofa a buɗe, an wanke, an yi farin fenti, babu ko tsinke. Ta wuce ɗakinta ta durƙusa da ƙyar ta leƙa ƙarƙashin gado. Ta daina zama a tsakar gida, in an kawo ajiya ta ce a kai wani gidan.

Kawu ya zo bayan 'yan kwanaki, ya rame, da kaji biyu a hannu waɗanda na san aro ya yi ko roƙo. Inna na ganinsa ta zame daga kan kujera ta durƙusa, ta yi magana da muryar nan mai ƙarfi ta wanda ba ya jin kansa.

"Yaya, ka ba ni amana ban riƙe ba. An fasa, an ƙone, har irin shukarka. Ka yafe mini."

"Haba Auta, wane hatsi? Ni ne zan nemi gafararki. Na yafe, na yafe duniya da lahira."

Tana kallon bakinsa. Ta sake cewa ya yafe mata. Na ce masa ba ta ji, sai ya matso ya ɗaga murya. Ta sake roƙo. Ya ƙara ɗagawa, ya sunkuyo kanta, jijiyoyin wuyansa suka tashi, idanunsa suka kaɗa, yana kaɗa hannu yana ihu har maƙwabta na leƙowa ta katanga.

"Na ce na yafe! Na yafe miki, Auta!"

Abin da Inna ta gani shi ne yayanta tsaye a kanta, fuska a murtuke, baki a buɗe, hannu na tashi yana sauka. Ta sunkuyar da kai ƙasa.

"Ka yi gaskiya, Yaya. Faɗi duk abin da za ka faɗa, na cancanta."

Kawu ya sauke hannunsa. Ya waiwayo ya dube ni, wai in gaya mata. Na ɗaga hannuwana, na duba alamun da muke da su, ta abinci, ta magani, ta salla, ta baƙo. Na tsaya da hannuwa a sama, ita kuma tana durƙushe tana jiran ya gama faɗan.